Audugar Zazzau da sarƙar kasuwar duniya: a wane zobe muke?

Duk inda aka tayar da zancen masaƙun Kaduna da suka mutu, a rumfar 'yan kasuwar Sabon Gari ne ko a zauren malaman Samaru, ra'ayi biyu ne ke karo da juna. Akwai masu cewa a toshe iyaka, a hana atamfar China shigowa, masaƙu za su tashi. Akwai masu cewa zamani ya wuce nan, a bar talaka ya sayi abin da aljihunsa zai ɗauka. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma dukkansu sun ɗauka cewa har gobe ƙasa guda ce ke yin riga tun daga gona har kanti, sannan ta sayar wa wata ƙasar. Irin wannan ciniki bai ƙare ba, sai dai yanzu ya samu kishiya mai ƙarfi. Rahoton ci gaban duniya da Bankin Duniya ya fitar na shekarar 2020 ya ƙiyasta cewa kusan rabin cinikin da ke tsakanin ƙasashe na kayan da ake haɗawa ne mataki-mataki, kowane mataki a wata ƙasa. A nome auduga a Mali ko Benin, a kaɗa zare a Indiya, a saƙa a rina a China, a ɗinka a Bangaladash, suna da zane kuwa na wani kamfani ne a Turai ko Amurka. Wannan jerin hannaye shi masana tattalin arziki ke kira sarƙar ƙara daraja ta duniya.

Abin da ya fara tayar da hankalin masu bincike shi ne alƙaluman kwastan sun daina faɗin wanda ya ci riba. A 2010 wasu masana biyu, Yuqing Xing da Neal Detert, sun warware kuɗin ƙera wayar iPhone ta wancan lokacin. Kowace waya tana fita daga China da darajar kimanin dala 179, kuma haka ake rubuta ta a littafin ciniki, kamar China ce ta yi ta duka. Amma ladan haɗa ta a China bai wuce dala 6.5 ba. Sauran na masu ƙera sassan ne a Japan da Koriya ta Kudu da Jamus da Amurka, ban da ribar mai suna da ke zuwa daga baya. Tun a farkon shekarun 1990 Stan Shih, wanda ya kafa kamfanin kwamfuta na Acer a Taiwan, ya lura da wannan: kuɗi yana taruwa a farkon sarƙa, wurin bincike da ƙirƙira, da kuma ƙarshenta, wurin suna da talla da sayarwa. Tsakiya, inda ake zufa, nan ne rabo ya fi ƙanƙanta. Wanda ke sayar da ɗanyen kaya kuwa, farashin da aka yanka a wata kasuwa mai nisa shi yake karɓa.

Mutumin Zariya ba baƙo ba ne a wannan sarƙa. A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Manchester, don su rage dogaro da audugar Amurka, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da suka fi sa wa rai. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka miƙa layin dogo ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka buɗe a 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, auduga na daga cikin manyan dalilan kafa ta. Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ya kamata a riƙa tunawa: a shekarun farko Turawa sun sha wuyar samun audugar, saboda masu kaɗi da masaƙan gida, musamman na ƙasar Kano, suna biyan manomi fiye da abin da BCGA ke tayawa. Wato kafin a ɗaura mu a ƙasan sarƙar wasu, muna da tamu, daga mai kaɗi zuwa masaƙi zuwa marini zuwa fatake masu ratsa Sahara. Jar fatar akuyar Sakkwato ma ta wannan hanya ta isa Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko.

Daga 1957, da aka buɗe masaƙar Kaduna ta farko da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, sai aka ɗauki hanyar yin komai a gida a bayan katangar haraji. Ta yi amfani, ba mai musun wannan: dubban gidaje a Kakuri da ita suka ci suka sha, manomin Giwa da Soba da Maƙarfi ya samu mai sayen audugarsa a kusa. Amma masaƙun sun girma ne suna kallon kasuwar gida da ta maƙwabta, injuna suna tsufa, wuta tana ƙaranci, man janareta yana tsada. China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, tsarin kason tufafi da ya daɗe yana taƙaita masu sayarwa na Asiya ya ƙare a farkon 2005, kayan fasa-ƙwauri suka cika Kantin Kwari. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya.

To, me bincike ya gano game da aukin aiki, wato yawan abin da ma'aikaci da injinsa ke iya fitarwa a awa guda, da kuma ingancinsa? Rahoton Bankin Duniya da na ambata ya ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari na shigar ƙasa cikin irin wannan sarƙa yana tafiya da ƙarin fiye da kashi 1 na kuɗin shigar kowane mutum, kuma tsallen da ya fi girma shi ne na ƙasar da ta tashi daga sayar da ɗanyen kaya ta shiga ƙere-ƙere masu sauƙi, kamar yadda Bangaladash da Kambodiya da Biyetnam suka yi. A Habasha, in ji rahoton, kamfanonin da ke cikin sarƙa sun ninka takwarorinsu masu ciniki na yau da kullum wajen auki. Sai dai duk ɗalibin tattalin arziki zai yi tambaya a nan, kuma tambayar tana kan hanya: fitar da kaya ne ya sa suka ƙware, ko da ma ƙwararru ne ke iya fitar da kaya? Binciken Andrew Bernard da Bradford Jensen kan masana'antun Amurka a shekarun 1990 ya nuna cewa yawanci kamfani yakan yi fice tukuna kafin ya fara fitarwa, kuma a 2003 Marc Melitz ya gina nazarinsa da ya shahara a kan haka. Idan haka ne kawai, tura ƙaramin mai sana'a kasuwar waje ba zai ƙara masa komai ba.

Amsar da ta fi gamsar da ni daga Masar ta fito. David Atkin da Amit Khandelwal da Adam Osman sun je garin Fowa, inda ake saƙar darduma da hannu, suka ɗauki ƙananan masaƙa fiye da 200. Ta hannun wani dillali na ƙasar aka samo odar masu saye daga ƙasashe masu arziki, sannan aka jefa ƙuri'a: waɗanda ta faɗa wa aka ba su damar saƙa odar waje, sauran suka ci gaba da kasuwar gida. Tunda ƙuri'a ce ta raba, ba wanda zai ce an zaɓi gwanaye. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ribar masu odar waje ta ƙaru da kashi 16 zuwa 26 cikin ɗari. Yawan dardumar da suke saƙawa a awa guda ya ragu, domin aikin ya fi wuya, amma inganci ya hau sosai. Daga nan masu binciken suka yi abin da ya rufe bakin mai gardama. Suka kawo masaƙan duka biyun wuri guda, zare iri ɗaya, masaƙa iri ɗaya, suka ce kowa ya saƙa dardumar gida da ya saba. Waɗanda suka yi aikin waje suka fitar da wadda ta fi kyau, ba tare da sun ɗauki lokaci fiye da sauran ba. Hannunsu ya koyi wani abu. Kuma sun koye shi ne daga dillalin da ke dawo musu da kaya yana nuna musu inda gefe ya karkace, inda zare ya yi sako-sako, inda launi ya saɓa wa abin da mai saye ya nema.

Irin wannan aka gani a Kosta Rika, inda Alonso Alfaro-Ureña da Isabela Manelici da José Vasquez suka bi bayanan haraji na kamfanonin ƙasar. Kamfanin gida da ya fara sayar wa babban kamfanin waje da ke aiki a ƙasar, bayan shekara huɗu ma'aikatansa sun ƙaru da kimanin kashi 26, aukin aikinsa da kashi 4 zuwa 9. Labarin tufafin Bangaladash ma daga koyo ya fara. A 1979 kamfanin Desh ya tura mutum 130 Koriya ta Kudu su koyi aiki a wurin Daewoo, kuma cikin 'yan shekaru 115 daga cikinsu suka fita suka kafa nasu ko suka jagoranci wasu. A ganina wannan shi ne ginshiƙin maganar. Amfanin sarƙa yana zuwa ne ta doguwar hulɗa da mai saye mai tsanani, wanda ke da ƙa'ida, yake faɗa maka laifin kayanka, yake dawowa baɗi in ka gyara.

Yanzu a dubi yadda kayanmu ke fita. Cittar Kachia da Kagarko, riɗi, zoɓo, waken suya, fatun awaki da tumaki, yawanci ta hannun dillali bayan dillali suke bi har Dawanau ko Legas, kuma kowane buhu yana narkewa cikin dubu. Manomin da ya tsabtace kayansa da wanda ya zuba tsakuwa kusan kuɗi ɗaya suke karɓa. Ba mai dawo wa manomi da bayani, ba mai saka masa don ya kyautata. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP, dangin fiya-fiya, da ake zubawa a ajiya don kashe ƙwari. Maganin matsalar kuwa yana nan a kasuwa, buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaro da rashin iska ba tare da an zuba komai ba. Audugarmu ma an daɗe ana karya mata farashi saboda ana tsinta ana cusa ta a buhunan taki, zaren leda ya shiga cikinta, ya bi ta har masaƙa, ya ƙi karɓar rini. Fata kuwa tun a mahauta ake kashe darajarta, da yankan wuƙa wajen fiɗa da jinkirin sa gishiri, kafin ta isa majemun Kano masu tura ta Italiya da Sifen. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar injin biliyoyi. Abin da ya ɓace shi ne mai saye da zai biya bambancin, da hanyar da za a san buhun wane ne.

Wannan ne ya sa lamarin yake yi mini ciwo a matsayina na mazaunin garin nan. A Samaru akwai cibiyar binciken noma da ta fitar da jerin irin auduga na SAMCOT da irin wake na SAMPEA, akwai cibiyar faɗakar da manoma ta NAERLS, akwai cibiyar fasahar fata ta NILEST, a Basawa akwai NARICT mai binciken sinadarai. Da wuya a samu wani gari a Arewa da ya tara ilmin ɗanyen kaya kamar haka. Amma ilmin yana gefe guda, kasuwar Giwa tana gefe guda.

Sai ɓangaren da masu son rufe iyaka ba sa son ji. Wanda zai sayar wa duniya dole ya iya sayo daga duniya. Mary Amiti da Jozef Konings sun bi masana'antun Indonesiya daga 1991 zuwa 2001, suka ga cewa rage harajin shigo da kayan haɗi da maki 10 ya ƙara aukin masana'antun da ke shigo da su da kashi 12 cikin ɗari, aƙalla ninki biyu na abin da rage haraji kan kayan da aka gama ya kawo. A Indiya ma, bayan sassaucin 1991, kusan kashi ɗaya cikin uku na sababbin kayan da masana'antun gida suka fara yi sun samu ne saboda sun samu kayan haɗin da da ba sa samu. Misali yana cikin birnin Zazzau. Masu ɗinkin hannu na babbar riga, masu aska takwas da aska biyu, a kan shaddar da ta zo daga Ostiriya ko China suke aiki, zaren ma sau da yawa na waje ne. Amma makonnin da allura ke yi a kanta su ne ke ɗaga kuɗin rigar, kuma wannan ƙarin a Zariya yake zama. Ranar da aka tsawwala wa shadda da zare, maɗinkin ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Mu kuwa manufarmu kullum cikin juyi take. A 2015 Babban Banki ya hana wa kaya 41 dalar gwamnati, a 2019 aka faɗaɗa hanin ga dukkan kayan saƙa, a watan Agusta na shekarar aka rufe iyakokin ƙasa har Disambar 2020, a Oktobar 2023 aka janye jerin gaba ɗaya. Ko wanne daga cikin matakan nan ana iya kare shi da hujja, amma mai saye da ke son kwantena goma duk wata har shekara biyar ba zai ɗaura kasuwancinsa a inda doka ke canzawa tsakanin shuka da girbi ba.

Nisa ma haraji ne. David Hummels da Georg Schaur sun ƙiyasta cewa kowace rana da kaya suka ƙara a hanya daidai take da harajin kashi 0.6 zuwa 2.1 cikin ɗari. Atkin da Dave Donaldson kuma sun auna kuɗin safara a cikin gida, suka ga tasirin nisa kan tsadar kai kaya a Najeriya da Habasha ya ninka na Amurka sau huɗu zuwa biyar. Duk direban tirela da ya taɓa ɗaukar kaya daga Kwangila zuwa Apapa, tafiyar fiye da kilomita 800 da shingaye da ramuka da layin shiga tasha, ya san haka tun kafin a rubuta. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, an buɗe ta Dala a Kano da ta Funtuwa daga baya, amma darajarsu tana rataye ne da jirgin ƙasan kaya mai tafiya a kan lokaci.

Ba na so a ɗauka cewa shiga sarƙa aljanna ce. Dani Rodrik ya daɗe yana gargaɗi cewa ƙa'idojin manyan masu saye suna tura masana'antu ga injuna da ƙwararru kaɗan, alhali abin da ƙasa irin tamu ke da shi a yalwace shi ne matasa marasa horo. Binciken da ya yi da Xinshen Diao da Mia Ellis da Margaret McMillan kan Tanzaniya da Habasha ya nuna hoto mai ɗaga hankali: manyan kamfanoni suna da auki amma ba sa ɗaukar mutane da yawa, ƙanana suna ɗaukar mutane amma aukinsu ba ya ƙaruwa. Ga kuma batun wanda ke riƙe da wuƙa da nama. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum fiye da 1,100 suka mutu suna ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka tufafi. Habasha ta gina dandalin masana'antu na Hawassa a 2016 da dogaro ga damar shiga kasuwar Amurka ba haraji a ƙarƙashin dokar AGOA, sai aka cire ta daga tsarin a farkon 2022 saboda yaƙin Tigray, ma'aikata da yawa, galibinsu mata, suka rasa aiki. Wanda ya ɗora rayuwarsa a kan mai saye guda a ƙasa guda, wuyansa yana hannun wani.

Shi ya sa nake ganin ƙofar da ta fi dacewa da mu tana kusa da gida. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019 kuma aka ayyana fara aiki da ita a Janairun 2021, tana ba da damar sarƙar da zobenta ɗaya ke Zariya, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Akara. Ƙa'idojin wannan kasuwa sun fi sauƙin cimmawa, kuma 'yan kasuwarmu sun san hanyoyinta tun zamanin fataken goro. Maƙwabciyarmu Benin, wadda ke cikin manyan masu noman auduga a Afirka, ta kafa dandalin masana'antu a Glo-Djigbé, kuma a 2023 ta fara tura tufafin da aka ɗinka a can zuwa Amurka. Ko zai ɗore, lokaci ne zai nuna, amma sun zaɓi abu guda, sun tara wuta da ruwa da kwastan a wuri guda, sun nemo mai saye tun kafin su kunna inji.

Idan za a yi irin wannan a ƙasar Zazzau, ba sai an jira tashin dukkan masaƙun Kakuri ba. Ana iya farawa da zobe guda da za mu iya riƙewa da amana: audugar da aka tsinta a buhun yadi aka gurza da lambar ƙungiyar manoman da ta noma ta, ko waken da aka adana ba magani, ko fatar da aka fiɗe da kyau. Wannan yana buƙatar ɗakin gwaji a Samaru ko Basawa da masu saye na waje suka amince da takardarsa, domin kada sai kaya sun isa Turai a gano aibinsu. Yana buƙatar kwantiragi tsakanin ƙungiyar manoma da mai saye tun kafin damina, da farashi biyu, na mai kyau da na gama-gari. Kuma yana buƙatar irin dillalin nan na Fowa, mai jin harshen mai saye da na mai sana'a, wanda ribarsa ke ƙaruwa idan kayan suka inganta. Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye ɗaruruwan masu digirin noma da tattalin arziki da fasahar saƙa duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki, kuma wannan gurbin dillancin har yanzu babu kowa a cikinsa.